Yaron da ya sari mutum shi ma yana firgita cikin dare

Aikina na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa yana haɗa ni da samarin da aka ɗaure kan sara-suka, fashi ko kisa, wasunsu daga garuruwan bakin iyaka irin su Kongolam a ƙaramar hukumar Mai'adua. Ina so iyaye da masu unguwanni su sani cewa da yawansu sun shiga gidan yari da miki a zuciya tun kafin laifin, laifin kuma ya ƙara musu wani.

Yaro ya kwana ido biyu. A buga ƙofar ƙarfe, ya zabura ya kai wa na kusa naushi. Wani ya daina cin nama, don jini yana dawo masa da ranar. Wani kuma zai ba ka labarin yadda ya daɓa wa abokinsa wuƙa da murya a bushe, kamar ba shi ya yi ba, sai a ce ba shi da imani. Sau da yawa bushewar nan ita ce ciwon. In ka bi tarihinsa, za ka tarar da duka, maraici, bara, da tramol tun bai gama balaga ba.

Ba wanke kowa nake yi ba. Wanda aka kashe wa ɗa yana da hakki, hukunci kuma dole ne. Amma yaron nan zai fito wata rana, unguwarmu zai dawo.

Wata doka da aka yi a 2019 ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, sai dai gidajen horar da yara na tarayya da aka sani suna Kaduna, Ilorin da Abeokuta, duk nesa da ƙasar Daura. Idan yaron ya dawo gida yana ihu cikin barci, sai dangi su ce iska ce, a nufi gidan mari. Ba mu manta Oktoban 2019 ba, da 'yan sanda suka fito da mutane daga irin wannan gida a Daura, wasu da sarƙa a ƙafa.

A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti. Akwai na masu larurar ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano da Barnawa ta Kaduna. Kada a matsa masa ya ba da labarin kurkuku a majalisa. Mutum ɗaya da ya yarda da shi ya ja shi gefe ya tambaye shi, "Kana samun barci kuwa?"