Zalotawa da Mabiyan Annabi Isa (AS) na Farko

Idan yaronki ya dawo daga Islamiyya ya tambaye ki a wane irin gari Annabi Isa (AS) ya taso, ki ce masa a ƙasar da ke hannun 'yan mulkin mallaka. Rumawa ne ke riƙe da Falasɗinu a lokacin, suna karɓar haraji da ƙarfin soja.

A shekara ta 6 Miladiyya suka yi ƙidayar jama'a saboda haraji. Sai wani Bayahude, Yahuza mutumin Galili, ya tashi ya ce biyan haraji ga Kaisar bauta ce, sarki ɗaya ne, shi ne Allah. Aka murƙushe shi, amma aƙidar ba ta mutu ba. Masu irin wannan ra'ayi su ake kira Zalotawa, wato masu zafin kishin addini. Wasu ma wuƙa suke ɓoyewa cikin riga, su shiga taron idi su soke ɗan uwansu Bayahude da suke zargi da bin Rumawa.

To ina ruwan Kiristanci da su? A Linjilar Luka, ɗaya daga cikin almajirai 12 sunansa Siman Zaloti. Masana sun yi saɓani: ɗan ƙungiyar ne, ko kishinsa ne kawai ya jawo masa laƙabin? Ni dai ban ga hujjar masu cewa Annabi Isa (AS) jagoran tawaye ba ne, tunda littattafan Kiristocin kansu ba su nuna ya tara mayaƙa ba.

Babbar alaƙar ta zo daga baya. A shekara ta 66 tawaye ya ɓarke. Ɓangarorin 'yan tawayen suka koma yaƙar juna a cikin Ƙudus, har suka ƙone rumbunan hatsin garin. Ke da kike auna abinci kullum, kin san wa yunwa ta fara kayarwa. A shekara ta 70 Titus ya ci garin, ya rushe Haikalin.

Mabiya Annabi Isa (AS) na Ƙudus Yahudawa ne, suna kaciya, ba sa cin alade. Wani malamin tarihin coci, Yusibiyas, ya ce sun fice zuwa Fela, a ƙasar Jodan ta yau, kafin a kewaye garin. Daga nan ƙarfinsu ya yi ta raguwa, jagoranci ya koma hannun coci-cocin Antakiya da Rum, inda yawancin mabiya ba Yahudawa ba ne, kuma koyarwar Bulus ta ɗauke musu kaciya.