Darasi: Yadda ake karanta kwamfutar tsohuwar Porsche 911 da waya kafin a sauya mata komai

 Yau za mu leƙa gareji ne, amma da wayarmu a hannu. Duk wanda ya taɓa yi wa wayarsa filashin ya san doka ta farko: kafin ka goge abin da kamfani ya saka, ka ajiye kwafinsa. Wannan dokar ce ke aiki a kan tsofaffin motocin Porsche 911 na ƙasar Jamus. Wanda ya kiyaye ta, motarsa tana ƙara daraja. Wanda ya yi gaggawa kuwa, yana iya wayar gari injinsa ya buga.

Wace mota ce 911?

An fara nuna ta a baje kolin motoci na birnin Frankfurt a 1963 da sunan 901. Kamfanin Peugeot na Faransa ya ce shi ke da haƙƙin sunan mota mai lamba uku da sifili a tsakiya, sai Porsche ya mayar da ita 911. Injinta mai silinda shida ne, yana can baya, bayan ƙafafun baya. Daga farko har zuwa 1998 ba ta da lagireto, babbar fanka ce da baƙin mai suke sanyaya injin. Samfurin da ake kira 993 shi ne na ƙarshe mai irin wannan injin, daga shi sai aka koma ruwa.

Yadda kwamfuta ta shigo cikinta

Na farko-farko kafireto suke amfani da shi, komai da hannu ake saitawa. A 1984 aka fitar da Carrera 3.2 ɗauke da wata kwamfutar kamfanin Bosch mai suna Motronic, wadda masu motar ke kira DME. Akwati ne ƙarami da ke ƙarƙashin kujerar hagu.

Aikinta biyu ne. Tana karɓar bayani daga sensa-sensa: gudun inji, yawan iskar da ke shiga, da zafin inji. Sai ta yanke hukuncin yawan fetur ɗin da injekta za su fesa, da kuma lokacin da filogi zai ba da wuta. Ba tunani take yi ba. Tana duba wani jadawali ne da aka rubuta a cikin cip, kamar yadda kake neman lamba a Excel: idan gudun inji kaza ne kuma iska kaza ce, to a ba da fetur kaza. Duka manhajar 'yan kilobayit ce, ba ta kai nauyin hoto ɗaya a wayarka ba.

Sauya cip: riba da haɗari

Tunda jadawali ne kawai, mutane suka gano za a iya sauya shi. Ana cire cip na asali a saka wani da aka rubuta wa sababbin lambobi, galibi waɗanda ke sa filogi ya ba da wuta da ɗan wuri. Motar takan ƙara kuzari idan an taka totur.

Ga inda matsalar take. Idan wutar ta zo da wuri fiye da yadda fetur ɗin zai iya jurewa, fetur yakan fashe da kansa a cikin silinda maimakon ya ƙone a hankali. Wannan fashewar tana dukan fistin, kuma idan ta daɗe tana iya ƙona shi ko ta karya ringinsa. Injin 964, wato samfurin da ya fito a 1989, yana da sensa da ke jin wannan dukan ta sanar da kwamfuta ta ja baya. Carrera 3.2 ba ta da ita. Duk abin da cip ya ce shi za ta yi, ko da injin yana cin kansa. Shi ya sa cip ɗin da aka rubuta don fetur mai oktan 98 zai iya zama guba ga motar da ake zuba wa mai rauni, musamman a lokacin zafi.

Don haka masu hankali suna yin abu uku kafin su sauya:

1. Su tabbatar injin lafiyarsa lau. Cip ba ya warkar da inji mai ciwo.
2. Su karanta cip na asali da na'urar karanta EPROM, su ajiye fayil ɗin a wuri fiye da ɗaya.
3. Su adana shi kansa cip ɗin a leda mai kare shi daga lantarkin jiki, don ranar da za a mayar.

Karanta mota da waya

A zamanin 964, sai da wata na'urar Bosch ta musamman, KTS 301, da makanikai ke yi wa laƙabi da guduma, ake iya magana da kwamfutar motar. Daga 1996 Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a ƙasar ta zo da tsari ɗaya mai suna OBD-II, mai soket mai ƙofa 16. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Saboda haka 993 da aka sayar a Amurka daga 1996 zuwa 1998 tana karantuwa da waya. Haka ma Corolla ko Accord 'yar Amurka da ke ƙofar gidanku, in dai ba ta girmi 1996 ba. A kanta za ka iya gwada wannan darasin.

Kana buƙatar ƙaramar sikana mai ELM327 da manhaja irin su Torque ko Car Scanner.

1. Ka nemo soket ɗin. A yawancin motoci yana ƙasan sitiyari.
2. Ka soka sikanar, ka murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, amma kada ka tayar da inji tukuna.
3. Ka haɗa waya da sikanar ta Bluetooth. Idan ta nemi lambar sirri, yawanci 1234 ne ko 0000. Mai iPhone ya sayi mai Wi-Fi ko mai Bluetooth LE, don na tsohon Bluetooth ba ya aiki da ita.
4. Ka buɗe manhajar ka danna wurin karanta lambobin matsala.
5. Ka ɗauki hoton allo na duk abin da ya fito, har da bayanan da kwamfuta ta adana na lokacin da matsalar ta faru.
6. Idan ka gama ka zare sikanar. Soket ɗin yana da wuta ko mota a kashe take, kuma zai iya shanye batir idan motar ta daɗe a ajiye.

Lura: da yawa daga cikin motocin wancan lokacin, har da 993, suna magana ne da tsohon yare mai suna ISO 9141, ba CAN da motocin yanzu ke amfani da shi ba. Wasu sikanonin jabu masu arha ba sa jin tsohon yaren. Idan ta ƙi haɗuwa, ka fara zargin sikanar kafin motar.

Fahimtar lambobin

Kowace lamba harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. P na inji da giya ne, B na jikin mota, C na ƙarƙashi kamar birki, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutoci. Idan sifili ne ya biyo bayan harafin, ma'anar ɗaya ce a kowace mota. Misali, P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana tsallake wuta, P0171 kuma iska ta fi fetur yawa.

Wadda ta fi damun masu 993 ita ce P0410. Motar tana da famfo da ke hura iska cikin hanyar hayaƙi idan an tayar da ita da sanyi, don rage gurɓata iska. Da shekaru suka ja, ƙananan hanyoyin iskar sukan toshe da baƙin gawayi, sau da yawa saboda injin ya fara shan mai. Lambar ta nuna maka inda za ka duba ne kawai. Ba ta ce ka sayi sabon famfo ba.

Kada kuma ka yi saurin danna maɓallin gogewa. Goge lamba ba gyara ba ne, kuma yana share shaidar da makanike zai yi aiki da ita. Akwai wani sirri a nan ga mai sayen mota: idan aka goge lambobi, gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi wa kanta sukan koma “ba a kammala ba” har sai an yi tafiya mai ɗan yawa. Idan ka je duba mota ka ga babu lamba ko ɗaya amma yawancin gwaje-gwajen ba su kammala ba, to ko dai an cire batir kwanan nan, ko an goge wani abu. Ka tambaya.

Abin da waya ba za ta gaya maka ba

Injin 911 mai iska yana ɗaukar baƙin mai fiye da lita 10 a wani tanki na daban. Ana auna shi ne inji yana aiki, ya yi zafi, motar na tsaye a wuri mai daidai. Wanda ya auna a kashe zai ga kamar ya ragu, ya ƙara, ya cika fiye da kima. Har zuwa 964 ana saita bawul da hannu lokaci-lokaci, a 993 ne aka kawo masu saita kansu. A tsofaffin samfura, bel ɗaya ne ke juya fanka da altaneta, don haka idan fitilar caji ta kama kana tafiya, ka tsaya nan take, wataƙila injin ya rasa mai sanyaya shi. Sannan akwai rilen DME, ɗan ƙaramin abu da ke ba kwamfuta da famfon fetur wuta. Idan ya mutu mota ba za ta tashi ba, shi ya sa masu ita ke yawo da na ajiya.

Sauyin da za a iya mayarwa

A Jamus, motar da ta kai shekara 30 tana iya samun lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, amma sai in tana kusa da yadda ta fito, ko kuma sauyin da aka yi mata irin na zamaninta ne. Masu saye ma abin da suke dubawa ke nan. Shi kansa Porsche ya bi wannan hanya: a 2020 ya fitar da rediyon PCCM mai ƙaramin allo da Apple CarPlay, wanda ke shiga ramin tsohon rediyo ba tare da an yanka dashbod ba.

To kafin ka taɓa kowace mota, ka yi wa kanka tambaya uku. Na karanta abin da take faɗa? Na ajiye na asali? Zan iya mayar da ita yadda take? Idan amsar ɗaya ta zama a'a, ka dakata. A wannan makon ka samu sikana, ka nemi izinin mai motar gidanku, ka karanta kawai ba tare da ka goge komai ba.