Minti goma kafin a buɗe akwatin ƙanƙara



Ni ma'aikacin lafiyar bisashe ne. Wata rana muna allurar rigakafi a yankin Dakoro, na haɗa maganin awaki da tumaki tun da sassafe ba tare da na tambayi kowa ba. Ashe garken ya wuce rijiya tun asuba. Garso ya sani, ni ban sani ba. Maganin nan da zarar an haɗa shi da ruwansa, bai kamata ya wuce awa 2 ba. Kafin bisashe su dawo ya lalace, sai muka zubar. Wata rugga ta tashi ba a yi wa ƙananan bisashenta allura ba. Laifina ne.

Tun daga ranar, ba ma fara aiki sai mun yi ɗan taro bayan sallar asuba. Ga yadda muke yi:

1. A tsaye ake yin sa, minti 10. In aka shimfiɗa tabarma aka ɗora shayi, ya zama hira.

2. Mutum biyar sun isa: mai allura, mai riƙon akwatin ƙanƙara, mai rubutu, garso ko ardo, da wakilin ƙungiya. A sa mace a ciki, don awaki da yawa na mata ne, su suka fi sanin wadda ba ta ci ba.

3. Kowa ya amsa tambaya uku: Me ka gani jiya? Me za ka yi yau? Me ya tsare ka?

4. Mai akwati ya faɗi kwalba nawa ta rage, ko ƙanƙara za ta kai yamma. Ana ajiye magani tsakanin digiri 2 zuwa 8.

5. Labarin ciwo shi ke gaba da komai: akuya mai majina, zawo da gyambon baki, ko saniya mai tari da nishi. A ware ta, a kira ma'aikatar kiwo a ranar.

6. Rigimar rijiya ko kuɗin ƙungiya, a sa mata wani lokaci dabam.

Ko ba lokacin allura ba ne, masu kula da rumbun dusa ko kantin maganin ƙungiya za su iya yin haka. Ku gwada sati guda. Ni dai yanzu ba na buɗe kwalba sai garso ya ce mini: "Likita, ga bisashe nan a shinge."

Allah ya albarkaci kiwo.