Darasi na 14: Abin da ke Cin Wuyan Jita

Ku dubi bakin tsohuwar rijiya a Horo Birni, ko a wani ƙauye na ƙasar Shagari da Boɗinga. Za ku ga igiyar guga ta yi wa itacen gurbi. Igiya ba ta kai itace ƙarfi ba, amma kullum tana gugarsa. Haka tsirkiya ta ke yi wa abin kiɗa.

Molo yana da tsirkiya 3, gurmi 2, kuntigi 1. Da kuntigi Ɗan Maraya Jos ya yi suna, ya rasu a 2015. Wuyansu duka sanda ce sumul.

Jita kuwa tsirkiya 6 gare ta. An gicciya ƙananan ƙarafa a wuyanta. In makaɗi ya danne tsirkiya a kan ɗayansu, sai murya ta sāke. Yawanci da gamin jan ƙarfe da tutiya da nikel a ke yin ƙarafan nan.

Tsirkiyar waya ta fi su tauri, don haka tana cinsu. Tsirkiyar nailan, wadda ta fito bayan yaƙin da ya ƙare a 1945, tana da taushi, ɓarnarta kaɗan ce.

Hannun makaɗi ma yana da laifi. Mai dannawa da ƙarfi, da mai jan tsirkiya gefe, su ne ƙarafansu ke saurin cinyewa. Na kusa da kan jita su ke fara lalacewa, gama can yatsu suka fi zama. Gumi yana kawo tsatsa. Tsirkiya mai tsatsa kamar magagari ta ke. Ƙurar hunturu kuma tana ƙara mata kaifi.

In ƙarfe ya yi gurbi, sai jita ta riƙa zizā, murya ta karkace. Gyara sai gwani, kuma kuɗi ne.

To, ga magani. Ku wanke hannu kafin kiɗa. Ku danna a hankali. In kun gama, ku share tsirkiya da busasshen ƙyalle, ku sa jita a jaka. Tsirkiya in ta yi tsatsa, a sāke ta. Mai sayen tsohuwar jita ya ɗaga tsirkiya ya duba ƙarafan tukuna, kāna ya yi ciniki.

Tambayoyi
1. Tsirkiya nawa ke ga molo?
2. Wace tsirkiya ta fi cin ƙarfe?
3. Me gumi ke yi wa tsirkiya?