Kyan ɗan maciji: ruwan da ke sa ƙarfe ƙyalli

Darasinmu na yau ya shafi wani ruwa mai guba da ake aiki da shi a masana'antu. Wata ƙila wani ya ce: ina ruwan mutumin Rumbu da masana'anta, tun da mu noma da kiwo muka sani? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Ranar kasuwa, a Sakabal ko a Dakoro, muna ganin kaya masu ƙyalli: ƴan kunne, zobba, awarwaro, cokula, kan keke da ƙarafan babur. Yawancinsu ba azurfa ba ne. Baƙin ƙarfe ne ko tagulla aka yi wa riga ta wani farin ƙarfe mai suna nikel. Rigar ba ta kai kaurin gashin kai ba. Wannan aiki shi ake kira wankin ƙarfe.

Babu masana'antar wankin ƙarfe a Rumbu. Amma illar wannan ruwa tana iya iske mu ta hanya 3: ta samarinmu masu zuwa cin rani birane, ta jarkoki da tano da muke saye don zuba ruwa, da kuma ta kayan adon da matanmu ke sawa.

Mene ne nikel?

Nikel farin ƙarfe ne mai ƙarfi, wanda ba ya saurin tsatsa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, shi ya gano shi a shekarar 1751. Muna taɓa shi kullum ba mu sani ba, domin akwai shi cikin fararen kuɗinmu na ƙarfe, dala goma da dala ashirin. Riƙe kuɗi ba ya cutar da yawancin mutane. Babban hatsarin yana zuwa ne idan an narkar da gishirin nikel cikin ruwa.

Yaya ake wankin ƙarfe?

Da farko ana goge ƙarfen da soda da asid, ɗan'uwan ruwan batir, don a cire maiƙo da tsatsa. Daga nan sai a tsoma shi cikin kwatarniyar wani ruwa kore shar. A cikin ruwan an rataya guntayen nikel. Idan aka saki wutar lantarki, sai nikel ya riƙa barin ruwan yana mannewa jikin ƙarfen sannu a hankali.

Haɗin da aka fi amfani da shi, wani malamin jami'a a Amurka, Oliver Watts, ya fito da shi a shekarar 1916. A kowace lita ɗaya ana narkar da gishirin nikel kimanin giram 300, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na kilo. Ana kuma ɗumama ruwan har ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, sai tururi da feshi su riƙa tashi. Ga ido, ruwan yana da kyau, kamar lemon kwalba. Kyan ɗan maciji ke nan.

Illarsa ga jiki

A fata: yana kawo ƙaiƙayi, ƙuraje da tsagewar fata, galibi tsakanin yatsu da wuyan hannu. Abin baƙin ciki shi ne, idan jiki ya ƙi nikel sau ɗaya, yawanci ya ƙi shi ke nan har abada. Ko kan ɗamara ko agogo ya taɓa fatar, sai ciwon ya tashi.

A ido: yana ƙuna. Asid da soda kuwa suna iya makantarwa.

A hanci da huhu: feshin yana kawo mura marar ƙarewa, gyambo cikin hanci, tari da fuka. A shekarar 1990, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa gishirin nikel cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. An fi ganin ciwon a huhu da hancin ma'aikatan da suka shekara da shekaru suna shaƙar ƙurar.

A ciki: a shekarar 1988, likitoci a Amurka sun ba da labarin ma'aikata 32 na wata masana'antar wankin ƙarfe. Ruwan nikel ya shiga ruwan shansu, suka sha ba su sani ba. Mutum 20 daga cikinsu suka kamu da tashin zuciya, amai, zawo, jiri, ciwon kai da tari. Manya ke nan masu ƙarfi. Ƙaramin yaro kuwa, abin yana iya kashe shi.

Ga mai juna biyu: ana tsoron ya taɓa ɗan da ke ciki. Kada ta yi wannan aiki, kada kuma ta wanke tufafin mai yin sa.

Gargaɗi ga ɗan cin rani

Bayan an gama girbin hatsi, samarinmu da yawa suna tafiya Maraɗi, Kano, Legas, Aljeriya ko Libiya. Baƙo ba ya zaɓen aiki, kuma sau da yawa shi ake ba wankin kwatarniya da kwashe dagwalo. Idan Allah ya kai ɗayanmu irin wannan wuri, ga abin da ya kamata ya kiyaye:

1. Ya tambayi sunan kowane ruwa kafin ya taɓa shi. Tambaya ba ƙauyanci ba ce.
2. Ya sa safar hannu ta roba mai kai wa gwiwar hannu, da takalmin roba, da rigar leda, da tabarau mai rufe gefen ido. Safar da ta huje ta fi babu muni, domin tana riƙe gubar a kan fata.
3. Rawani ko ƙyalle a baki ba ya tare wannan feshi. Ya nemi takunkumin aiki na ainihi, kuma kada ya yi aiki a ɗakin da iska ba ta ratsawa.
4. Kada ya ci abinci, ko goro, ko ya sha shayi kusa da kwatarniya. Kada ya sha taba, domin iskar da ke tashi daga ruwan tana kama wuta.
5. Idan za a sirka asid, asid ake zubawa cikin ruwa kaɗan kaɗan. Ba a zuba ruwa cikin asid, domin yana tafasa ya fantsamo a fuska.
6. Kada ya haɗa ruwan wata kwatarniya da na wata. A wurin wankin zinariya da azurfa ana yawan sa wata guba mai suna siyanir, wadda masu haƙar zinariya suka sani. Idan ta gamu da asid, iskar da ke fita tana kisa nan take.
7. Ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da kafin alwala. Ya bar tufafin aiki a wurin aiki.

Samar da kayan kariya nauyi ne a kan mai masana'anta. Ma'aikaci yana da haƙƙin ya nema. Kuɗin cin rani ba su da amfani idan an dawo gida babu ƙarfin riƙe hauya.

Idan tsautsayi ya auku

Idan ruwan ya zuba a jiki, a tuɓe tufafin, a wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu. Idan ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15. Idan an sha, a kurkure baki. Kada a sa mutum amai da ƙarfi. Madara, manja ko tsamiya ba sa karya wannan guba. A garzaya da shi gidan likita, a tafi da jarkar ko takardar da ke jikinta don ma'aikacin lafiya ya san abin da aka sha.

Jarka da tano

Mun san wahalar ruwa a ƙasarmu. Rijiyoyinmu suna da zurfi, hanya da nisa, kuma kowane gida yana bukatar jarkoki. Shi ya sa tsofaffin jarkoki da tano na masana'antu suke samun kasuwa. Amma wanki da toka ko sabulu ba ya tabbatar da cewa gubar ta fita. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire ƙarfen da ya narke a ciki.

Kafin mu saya, mu duba zanen da ke jiki. Ko wanda bai iya Faransanci ko Ingilishi ba yana iya karanta shi. Ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu: guba mai kisa. Ruwa yana ɗiga yana cin hannu: abu mai ƙuna. Mutum da tauraro a ƙirji: ciwo mai daɗewa. Mataccen kifi da busasshen icce: mai ɓata ruwa da ƙasa. Idan mun ga ɗaya daga cikinsu, ko kore-kore a gindin jarka, ko an kankare takardar, mu bar ta. Ba ta dace da ruwa, nono, hatsi ko wake ba. Wannan doka ta haɗa har da jarkar maganin ƙwari.

Gona da mashaya

Ruwan nikel da aka zubar a ƙasa ba ya ruɓewa kamar taki. Yana zama shekaru, ya hana saiwa girma, ya sa ganye ya yi ɗorawa, ya kuma kashe kifi. A Kano, dagwalon masana'antun Bompai, Sharaɗa da Chalawa ya daɗe yana gangarawa kogunan Jakara da Chalawa, inda ake noman lambu, kuma masana sun samu ƙarafa masu guba a ruwan da kayan lambun. A jihar Zamfara, a shekarar 2010, ƙurar darma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Darma dabam, nikel dabam, amma darasin ɗaya ne: gubar aiki ba ta shiga gida, ba ta kusantar rijiya.

Saƙo ga iyaye mata

Idan ƴan kunne suna sa kunne ƙaiƙayi, ja ko ruwa, sau da yawa nikel ne, ba sammu ba. A cire su, a wanke wurin, a nuna wa ma'aikacin lafiya idan bai warke ba. An fi kamuwa lokacin da hujin kunne yake ɗanye, saboda haka kada a sa wa jaririya ƴan kunnen da ba a san ƙarfensu ba. Tun shekarar 1994 Tarayyar Turai ta kafa dokar rage nikel a kayan da ke taɓa fata. Mu kuma mu tuna, araha ba ta ado.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Ta waɗanne hanyoyi 3 gubar nikel ke iya iske mu?
2. Me za mu yi idan ruwan ya shiga ido?
3. Wane zane muka taɓa gani a jikin jarkokin gidajenmu?

Kowa ya duba jarkokin gidansa yau, kuma ya karanta wa ɗan'uwansa wannan shafi kafin ya ɗauki jakar cin rani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.