Ilimin Tuƙi da Alhakin Direba: Nazari a kan Kiyaye Haɗurra a Hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin rawar da ilimin tuƙi da sanin alhakin kai suke takawa wajen kiyaye haɗurra, tare da ɗaukar hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu a matsayin zakaran gwajin dafi. An dubi yanayin hanyar da yadda ake koyon tuƙi da tanadin doka, sannan aka waiwayi matsayin direba a fiƙihun Malikiyya. Maƙalar ta nuna cewa koyon tuƙi a tasha yana horar da hannu, amma ba ya bayyana dalilan dokokin hanya, kuma fakewa da ƙaddara yana raunana jin alhaki.

Fitilun Kalmomi: tuƙi, haɗari, alhaki, ƙaddara, Kabi

1.0 Gabatarwa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a kowace shekara sakamakon haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowane yanki asarar rayuka. A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka fi sani da FRSC, a shekarar 1988, aka kuma sabunta dokarta a 2007. Sai dai jami'in hukuma ba zai iya tsayuwa a kowace kwana ba. Da zarar mota ta wuce shinge, abin da ya rage shi ne sanin direba da lamirinsa, kuma a kan waɗannan biyu nazarin ya ginu.

2.0 Hanyar da Masu Bin ta

Tsakanin Birnin Kebbi, wanda ya zama babban birnin jiha a 1991, da garin Argungu akwai tafiyar kimanin kilomita 50, kuma hanyar ce take zarcewa zuwa Sakkwato. Yankin yana cikin kwarin Gulbin Rima, inda noman shinkafa ya bunƙasa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoma rance a watan Nuwamba na 2015, kuma a 2017 aka buɗe kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT a Argungu. Wannan ya ƙara yawan manyan motocin dakon kaya.

A kan kwalta guda za a tarar da tirela, da motar haya, da ɗan kabu-kabu mai goyon mutum biyu da buhu, da amalanken shanu, da garken makiyaya, da yara masu tsallakawa zuwa gona. Kowannensu da irin saurinsa. Yanayi ma yana da nasa tasirin: hazon hunturu yana rage nisan gani, ruwan damina yana sa santsi, zafin bazara kuma yana gwada ƙarfin tsohuwar taya. Haka nan lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, hanyar takan cika da baƙin da ba su san ta ba.

3.0 Ilimin Tuƙi tsakanin Tasha da Makaranta

Sananniyar hanyar zama direban haya a ƙasar Hausa ita ce yaron mota. Yaro yakan fara da wanke mota da ɗaure kaya da karɓar kuɗi, daga nan maigidansa ya riƙa ba shi makulli ya gyara tsayuwar mota a tasha, har wata rana ya miƙa masa sitiyari a inda hanya ta yi sauƙi. Wannan tsari yana da amfani. Wanda ya taso a cikinsa yakan gane matsalar inji daga ƙararsa, ya san kowane rami da kowace gada. Rauninsa shi ne almajiri yana gadon ɗabi'un malaminsa gaba ɗaya, masu kyau da munana. Idan maigida yana wuce mota a kan kwana, yaron zai ɗauka hakan shi ne ƙwarewa.

Tanadin hukuma ya bambanta. Mai neman lasisi dole ya kai shekara 18, ya halarci makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita, ya ci jarrabawar jami'an VIO, kafin a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Manufar ita ce lasisi ya zama shaidar ilimi. Duk wanda ya same shi ta bayan fage ya mallaki kati ne kawai.

3.1 Lissafin Gudu

Misali ɗaya ya isa ya nuna abin da makaranta take ƙarawa. Dokokin hanya na Nijeriya sun ƙayyade wa ƙananan motoci da na haya gudun kilomita 50 a awa a cikin gari da 80 a kan babbar hanya irin wannan. Direban da ya riƙe 80 zai ci kilomita 50 cikin minti 37 da rabi. Wanda ya taka zuwa 120 zai ci cikin minti 25. Ribar ganganci ke nan, minti 12 da rabi.

Ga kuma farashinta. Mai gudun 80 yana shafe mita 22 a kowace daƙiƙa, mai gudun 120 kuwa mita 33. Idan saniya ta faɗo hanya, kafin ƙafa ta kai ga birki daƙiƙa guda ta wuce, motar ta riga ta ci wannan tazara. Bayan haka, nisan da mota take buƙata kafin ta tsaya ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: idan gudu ya ninka sau 2, nisan birki yana ninkawa sau 4. Saboda haka mai gudun 120 yana buƙatar fiye da ninki biyu na filin da mai gudun 80 yake buƙata, kuma ƙarfin karonsa haka yake ƙaruwa. Lodi fiye da kima da taya mai sanƙo suna daɗa tsawaita wannan nisa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, lissafi kuma ya gaskata su.

Haka lamarin yake ga sauran dokoki. An fara tilasta ɗaura bel a 2003, hular kwano a 2009, da na'urar taƙaita gudu ga motocin haya a 2017. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa bel yana iya rage yiwuwar mutuwa da kusan rabi, kuma mai amfani da waya yana tuƙi ya fi waninsa shiga haɗari da kimanin ninki 4. Direban da bai san wannan ba yakan ja bel idan ya hango jami'ai, ya sake shi bayan ya wuce. Wanda ya san dalili ba ya jiran shinge.

4.0 Alhaki da Ƙaddara

Idan haɗari ya auku, abin da aka fi ji shi ne "ƙaddara ce" ko "kwana ya ƙare". A wurin ta'aziyya wannan magana ce ta imani da haƙuri. Kuskuren shi ne mayar da ita hujjar da za ta wanke mai sakaci. Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantarwa a zaurukan Gwandu da Argungu, bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai kora ta da mai jan ta da mahayinta. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i kuma ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 1993 a ƙasar Burunai, ta zartar da cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba yana lamunce ɓarnar da sakacinsa ya jawo. Ke nan wanda ya sha ƙwaya irin su taramadol domin korar barci, ko ya fita da birki marar kyau yana sane, ba shi da mafaka a shari'a.

Alhakin bai tsaya kan direba kaɗai ba. Mai motar da ya yanka wa direba balas mai nauyi yana tura shi ga gudu. Ɗan kamashon da ya cusa fasinja biyu a kujerar gaba yana da nasa kaso, haka fasinjan da yake zuga direba ya ƙara wuta, da uban da ya miƙa wa ƙaramin yaro makullin babur. Gyaran hanya da kafa alamomi kuwa nauyi ne na gwamnati, wanda hankalin direba ba ya sauke mata.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa ba a rasa ƙwarewar hannu ba a tashoshin Birnin Kebbi da Argungu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin dalili da yarda da alhaki. Tun da tsarin yaron mota ba zai gushe nan kusa ba, abin da ya fi dacewa shi ne a kai karatun tasha. Ƙungiyar direbobi ta NURTW za ta iya shardanta wa kowane yaro halartar makarantar tuƙi kafin a sa shi a layi. Ya kamata darussan su kasance da Hausa, da misalan hanyoyin da direbobi suke bi kullum. Malamai su shigar da hukuncin lamuni cikin huɗuba da karatun zaure, masarautun Gwandu da Argungu kuma su mara wa aikin baya. Fasinja ma ya san yana da 'yancin tsawata wa direba, ya kuma riƙe lambar gaggawa ta FRSC, wato 122. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030. Rabon Jihar Kebbi a wannan buri ya dogara da abin da ake koya wa yaron mota a yau.