Osmosis: Ire-irensa da Yadda Ake Gwada Shi

Osmosis shi ne ratsawar ruwa ta cikin tantani mai tacewa, daga ɓangaren da gishiri ko sukari ya yi ƙaranci zuwa inda ya fi yawa. A 1748 Bafaranshen nan Nollet ya lura da shi, bayan ya rufe bakin kwalbar barasa da mafitsarar alade ya tsoma a ruwa, sai mafitsarar ta kumbura. Daga baya Dutrochet ya kasa shi gida biyu: na shiga, kamar yadda zabibi ke kumbura a ruwa, da na fita, kamar yadda yankakken tumatir ke tsatsafar da ruwa in an barbaɗa masa gishiri.

Don gwaji, a fere ɗanyen dankalin Turawa, a ƙwaƙule tsakiyarsa, a zuba gishiri a ramin, sannan a kafa gindinsa a faranti mai ɗan ruwa. Bayan 'yan sa'o'i ramin zai tara ruwa. Sai dai wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin ɗalibi mai wayo zai ce yoyo ne. Wajibi ne a jera shi da dafaffen dankali, wanda raminsa ba ya tara ruwa saboda zafi ya lalata tantanin ƙwayoyinsa.